Tsofaffin fitilun dandamali: a gyara su ne ko a kai wa 'yan gwangwan?

Duk lokacin da aka ji labarin an ware kuɗi domin sabunta wani tsohon gidan wasan kwaikwayo, kamar yadda aka yi wa babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka kammala gininsa a 1976 domin FESTAC, bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya na 1977, kuma aka sake buɗe shi a 2025 da sunan Wole Soyinka, abin da yawancin mutane ke ɗauka shi ne duk abin da ke rataye a saman dandamali ya zama tarkace. Baƙaƙen fitilu ne masu nauyi, masu cin wuta, masu zafi kamar murhu, alhali ga fitilun LED da kowa ya saba da su a gida, waɗanda ba sa zafi sosai kuma ba sa shan lantarki da yawa. To me zai sa wani mai hankali ya kashe kuɗi wajen gyara fitilar da ta girme shi? Wannan tambaya ta ta da ƙura sosai a Turai a 2018, kuma har yau ba a gama da ita ba, domin a cikinta akwai batun kuɗi, da na tsaron rayuka, da na fasahar wasan kanta.

Me ake nufi da fitilar dandamali?

Fitilar gida aikinta ɗaya ne, wato ta kore duhu. Fitilar dandamali kuwa aikinta ta zaɓi abin da ɗan kallo zai gani da abin da ba zai gani ba, ta nuna masa safiya ce ko almuru, ta ware fuskar ɗan wasa ɗaya daga cikin goma. Saboda haka ƙwan da ke cikinta ɗan ƙaramin ɓangare ne na na'urar. Akwai gangar jiki ta ƙarfe ko ta alminiyom, akwai madubi a bayan ƙwan wanda ke tattara hasken ya turo shi gaba, akwai gilashi mai kauri a gaba wanda ke daidaita faɗin hasken, akwai mazaunin ƙwan da masu aikin lantarki ke kira holda, sannan akwai marataya da ake ɗaure fitilar da ita a jikin bututun ƙarfe.

Iri uku aka fi sani. Akwai wadda ake kira Fresnel, da sunan Bafaranshen nan Augustin Fresnel wanda ya ƙirƙiro gilashinta mai zobe-zobe a shekarun 1820 domin hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Haskenta mai laushin baki ne, ana wanke dandamali da shi. Akwai mai yanka haske, wadda a Amurka aka daɗe ana kira Leko, daga sunayen Joseph Levy da Edward Kook na kamfanin Century da suka fito da ita a 1933. Tana da faifan ƙarfe huɗu a ciki da ake turawa a yanke hasken daidai bakin ƙofa ko taga. Ta uku ita ce PAR, wadda gwangwani ce kawai da aka sa wa ƙwai mai kama da na fitilar gaban mota, kuma ita mawaƙa suka fi so.

Dukansu a zamanin da ake magana a kai suna amfani ne da ƙwai mai zaren tangistin, wani ƙarfe mai jure zafi da ke yin haske idan wuta ta bi ta cikinsa, galibi irin na halojin wanda kamfanin General Electric ya fito da shi a 1959. Ba a kunna su da makunni kai-tsaye. Ana haɗa su da na'urar rage ƙarfin wuta da ake kira dima, ita kuma tana karɓar umarni daga teburin mai kula da haske. Wannan bayani na ƙarshe yana da muhimmanci, domin a kansa ne lissafin masu cewa "a canza ƙwai kawai zuwa na LED" yake rushewa.

Abin da ke mutuwa da abin da ba ya mutuwa

Idan aka ce fitila ta tsufa, ya kamata a tambaya wane sashe nata ne ya tsufa. Gangar jikin kusan ba ta mutuwa. Kamfanin Strand na Landan ya fara ƙera wata 'yar fitila mai wat 500 da ake kira Patt 23 a 1953, ya ci gaba da ƙera ta har kimanin shekara talatin, kuma har yau ana samun ta tana aiki a ɗakunan taron makarantu da ƙananan gidajen wasa a Birtaniya. Babu komai a cikinta da mai sukundireba da filaya ba zai iya kwancewa ya mayar ba. Wasu ma goge fentinta suke yi har alminiyom ɗin ya yi ƙyalli, su sayar wa masu kuɗi a matsayin kayan ƙawata falo, abin da ke ɓata wa tsofaffin ma'aikatan dandamali rai.

Ƙwan kuwa dama an yi shi ne domin ya mutu. Irin wanda aka fi amfani da shi a manyan gidajen wasa yana yin kimanin awa 300 ne, mai dogon rai kuma ya kai awa 1,500 zuwa 2,000 amma haskensa bai kai na farko ba. Gilashinsa na musamman ne da ke jure tsananin zafi, kuma idan mutum ya taɓa shi da yatsa, maiƙon fatarsa kan ƙone a wurin ya raunana gilashin har ya kumbura ko ya fashe. Shi ya sa ake riƙe shi da tsumma, idan kuma an yi kuskuren taɓawa a goge da sifirit kafin a kunna.

Tsakanin jikin da ba ya mutuwa da ƙwan da ke mutuwa kullum akwai sassan da zafi ke ci a hankali, kuma a nan aikin gyara yake. Kusan kashi 90 cikin ɗari na lantarkin da ƙwan tangistin ke sha zafi yake komawa. Zafin nan yana busar da rigar waya har ta riƙa farfashewa, yana lanƙwasa faifan yanka haske, yana dusashe madubi, yana ƙona ledar launi da ake sa wa a gaba, musamman shuɗiya mai duhu wadda ke tare mafi yawan hasken. Mafi yaudara shi ne holda. Idan ƙarfen da ke riƙe ƙafafun ƙwan ya saki, wuta kan riƙa tsalle a ɗan ratar da ke tsakani, ta bar baƙin tabo a duka ɓangarorin biyu. Wanda bai sani ba zai ga ƙwai ya mutu ya sa sabo, sabon ya mutu cikin mako guda, ya ce ƙwan jabu ne. Idan kuma ya ɗauki ƙwai mai tabo ya sa a wata lafiyayyar fitila, sai ya kai mata cutar.

Yadda ake gyaran

A gidajen wasan da ke da tsari, ana ware makonnin da babu wasa a kowace shekara a sauko da fitilun duka ƙasa. Ana kwance kowace ɗaya, a busa ƙura, a wanke gilashin gaba da ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi, a goge madubi da tsumma mai laushi. Wannan aiki da ake rainawa shi ne mafi riba, domin fitilar da ta shekara tana tara ƙura kan rasa haske mai yawa ba tare da wani ya lura ba, tunda a hankali abin ke faruwa. Sau da yawa wanda ke kukan fitilunsa sun raunana, sai ya ga kamar an kawo masa sababbi bayan an wanke su.

Ba a sa man shafawa ko giris a sassan da ke motsi, domin zafi zai dafa shi ya zama danƙo. Garin girafayit ake sa wa, wato irin baƙin da ke cikin fensir. Fenti kuma sai mai jure zafi, irin wanda ake shafa wa salansar mota. Wayar da ke shiga jikin fitilar ana maye ta da mai rigar silikon, domin wayar gida ta roba narkewa za ta yi.

A nan akwai haɗarin da ya kamata a daɗe a kansa. Fitilun da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1970 da yawansu an naɗe wayoyinsu ne da asbesto, wani farin abu mai kama da zaren auduga wanda wuta ba ta ci. Idan ya tsufa yana sakin ƙura mai laushi da ido ba ya gani, kuma shaƙarta na jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Birtaniya ta haramta asbesto baki ɗaya a 1999. Wanda ya ga farar waya mai gashi-gashi a bayan tsohuwar fitila, bai kamata ya yanke ta ko ya busa ta da iska ba. Aikin wanda aka horar ne, mai abin rufe hanci na musamman, kuma idan fitilar ba mai daraja ba ce, sau da yawa kuɗin cire asbeston ya fi kuɗinta. A ganina wannan ne wuri ɗaya da ba a jayayya: irin wannan fitila a hannun wanda ba shi da kayan aiki, barinta ya fi gyaranta.

Bayan an haɗa fitilar sai gwaji. Ana auna wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta idan ta zubo a jikin ƙarfen, domin mai saita fitila a kan tsani yake, hannunsa ɗaya a jikinta ɗayan a jikin bututu, kuma ko ɗan jan wuta kaɗan ya isa ya jefo shi. Ana duba marataya da notinta, ana kuma tabbatar da akwai igiyar ƙarfe ta biyu da za ta riƙe fitilar idan maratayar ta saki, tunda a saman kawunan mutane take. Sannan a daidaita zaman ƙwan a tsakiyar madubi, domin idan ya karkace ko da kaɗan ne, hasken kan taru wuri ɗaya ya ƙona ledar launi. Masu wannan sana'a ba sa manta gobarar gidan wasa na Iroquois a Chicago ranar 30 ga Disamba 1903, wadda ta tashi daga tartsatsin fitilar dandamali da ya kama labule, ta kashe mutane kimanin 600. Fitilar ta wani iri ce daban da na yanzu, amma tazarar da ake bari tsakanin fitila da yadi daga irin wannan masifa aka koye ta.

Rigimar Turai ta 2018

Tarayyar Turai ta daɗe tana korar ƙwai mai cin wuta daga kasuwa, amma dokokinta na farko sun keɓe fitilun dandamali da na ɗaukar fim. A 2018 sai aka ga daftarin sabuwar doka ba tare da wannan keɓewa ba. Daftarin ya ce duk abin ba da haske da za a sayar dole ya ba da aƙalla lumen 85 a kan kowane wat, kuma kada ya sha fiye da rabin wat lokacin da yake jiran umarni. Lumen ma'aunin yawan haske ne. Ƙwan tangistin na dandamali yana ba da tsakanin 20 da 30 ne kawai, don haka ya faɗi tun daga bakin ƙofa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, hatta fitilun LED masu kyau na dandamali ba za su tsallake ba, domin mai haɗa ja da kore da shuɗi ta fitar da launi ba ta kai ingancin farin ƙwan gida ba, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinta tana shan fiye da rabin wat tana sauraron teburin haske.

Dokar ba ta ce a kwance fitilar kowa ba, kuma wannan ne abin da aka fi fahimta a karkace. Sayar da sabon ƙwai za ta hana. Amma fitilar da ba a samun ƙwanta ta mutu ko da jikinta lafiya lau yake, don haka a aikace an yanke wa dubban ɗaruruwan fitilu hukunci ke nan. Ƙungiyar masu tsara hasken dandamali ta Birtaniya, wadda a lokacin ake kira ALD, ta jagoranci gangamin da aka kira Save Stage Lighting, aka riƙa haska taken a bangon gidajen wasa, mutane fiye da 80,000 suka sa hannu a takardar koke. A ƙarshe dokar da aka zartar a 2019, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 2021, ta keɓe mafi yawan ƙwayayen da ake amfani da su a dandamali.

An yi nasara a takarda, amma kasuwa ba ta karanta takarda. Masana'antun da ke yin ƙwan dandamali sun dogara ne da cinikin ƙwan gida da na kanti, kuma da wannan ciniki ya tafi, sai suka fara daina yin nau'o'in da ba a saye da yawa, farashin sauran kuma ya hau. Yau mai tsohuwar fitila ba doka yake tsoro ba, ranar da dillalinsa zai ce masa kayan sun ƙare yake tsoro.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son a canza suna da lissafi mai ƙarfi. Fitila arba'in masu wat 1,000 kowace, idan aka kunna su duka, kilowat 40 ke nan. Kwatankwacinsu na LED masu wat 150 kilowat 6 ne. Zafin da ke sauka a kan 'yan wasa zai ragu, na'urar sanyaya ɗaki za ta huta, ba hawa tsani domin canza ƙwai, ba sayen ledar launi, kuma fitila ɗaya za ta ba da launuka da dama a wasa ɗaya.

Masu son a gyara suna amsawa cewa ba a kunna fitilun dandamali duka a cikakken ƙarfi, kuma awa biyu ko uku ne a dare. Fitilar tangistin da aka rage zuwa sifili ba ta shan komai, ita kuwa LED tana sha muddin tana jone. A lokacin gangamin sun kafa hujja da cewa hasken dandamali bai kai kashi biyar cikin ɗari na makamashin da gidan wasa ke ci ba, sauran yana tafiya ne a ɗumama ɗaki da sanyaya shi da fitilun harabar gida. Sun ƙara da cewa canjin ba na fitila kaɗai ba ne. Galibi LED ba ta zama a kan tsohuwar dima, wuta tsayayya take so, da wayar umarni ta daban mai bin ƙa'idar DMX da aka kafa a 1986, sau da yawa har da sabon tebur. Babban gidan wasa zai iya ɗaukar wannan kuɗi, ɗakin taron makaranta ba zai iya ba.

Akwai kuma batun ido. Idan aka rage ƙwan tangistin, haskensa kan koma ja-ja kamar garwashi kafin ya mutu, ya tafi a hankali ba tare da tsalle ba, kuma yana ɗauke da dukan launuka, shi ya sa fata da tufafi ke fitowa da kyau a ƙarƙashinsa. LED mai araha kan tsaya cak a ƙarshen ragewa, tana iya yin walƙiya a kyamara, kuma tana iya mayar da baƙar fata toka-toka ko ta ba ta kore, abin da ya shafe mu kai-tsaye. Masu tsada sun magance yawancin wannan, amma da tsadarsu.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta tsawon rai. Ana rubuta wa LED awa dubbai masu yawa, amma wannan alƙawari na ƙwayoyin hasken ne. Fankar da ke sanyaya su da allon lantarkin da ke ba su wuta su ne ke fara mutuwa, kuma idan kamfanin ya daina yin allon, babu mai sukundireba da zai tashe ta. Fitilar 1953 tana aiki a yau domin babu wani sirri a cikinta. Ba na tsammanin fitilar LED da aka saya bana za ta ga shekara saba'in.

Sabon ciki a tsohon jiki

Akwai hanyar da ta haɗa biyun. Kamfanin ETC na jihar Wisconsin ta Amurka ya fito da fitilar Source Four a 1992, wadda da ƙwai mai wat 575 take ba da hasken da tsofaffi masu wat 1,000 ke bayarwa, saboda madubinta na gilashi yana turo haske gaba ya bar zafi ya fice ta baya. Ta cika gidajen wasan duniya, kuma daga baya kamfanin ya ƙera Source 4WRD, wani ɗan inji na LED mai ƙasa da wat 200 da ake cusawa a gurbin ƙwan, a bar madubi da gilashi da jiki yadda suke. Wasu kamfanoni sun yi makamancin haka domin wasu fitilun. Sai dai dabarar ba ta zauna wa kowace fitila ba, domin an ƙera kowane madubi ne daidai da siffar zaren ƙwansa, kuma idan tushen hasken ya canza siffa, hasken kan watse.

Ƙura, janareta da kayan gwanjo

A Kano ko Zariya ko Yamai lissafin ya ɗan bambanta da na Landan. Wanda ke kunna dandamali da janareta, bambancin kilowat 40 da kilowat 6 bambanci ne na girman injin da zai saya da man da zai zuba kowane dare, don haka hujjar LED ta fi ƙarfi a nan. Amma ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, allon lantarki ya yi zafi ya ƙone, kuma hawa da saukar wuta ta fi yi wa LED illa mai tsada. Shi ma ƙwan tangistin ba ya son wuta ta yi yawa, domin ƙarin kashi biyar cikin ɗari kacal kan rage kusan rabin ransa, sai dai abin da aka yi asara ƙwai ne, fitilar tana nan. Dabarar da ma'aikata ke yi ita ce su saita dima kada ta wuce kashi 90 ko 95, su kuma ɗumama ƙwan da 'yar wuta kaɗan kafin a buɗe masa gaba ɗaya, tunda zare mai sanyi ne ya fi tsinkewa.

Yayin da gidajen wasan Turai da Amurka ke komawa LED, tsofaffin fitilunsu na shiga kasuwar gwanjo da araha, kuma shugaban sashen wasan kwaikwayo ko mai ɗakin taro zai iya samun kaya masu nagarta a ciki idan ya san abin dubawa. Ya fara duba wayar baya ko ta asbesto ce, ya leƙa holda ko akwai baƙin tabo, ya tambaya ko har yanzu ana yin ƙwan irinta kuma nawa ne. Ya kuma karanta rubutun da ke jikin ƙwan da aka haɗo masa da shi, domin kayan Amurka na wuta mai ƙarfin volt 115 ko 120 ne, tamu kuwa 230 ce kamar ta Birtaniya, kuma ƙwan Amurka da aka jona a nan ba ya wuce walƙiya ɗaya.